Sumar Baba Nata'ala

Shekara talatin Isyaku wanzami yana aski a gindin wani durumi a Koki, kuma ba abin da ya sani kamar kawunan maza. A Kano kowa aske kansa yake ya rufe da hula ko rawani, don haka mai sanƙo da mai suma ba a rabe su a hanya. Wanzami kaɗai ke ganin inda gashi ya janye daga goshi, da inda tsakar kai ta fara sheƙi.

Abin ya daɗe yana yi masa yawo a rai. Masu zuwa aski kowa da dalilinsa. 'Yan dako su ce gammo ne ya cinye musu suma, malamai su ce zafin karatu, wasu su ɗora wa ruwan rijiyar unguwa. Isyaku ya kan gyaɗa kai kawai yana wasa askarsa a fata. Ya aske ɗan dakon da ya tsufa da suma cunkus, ya aske attajirin da bai taɓa ɗaukar ko ƙwarya a ka ba amma kansa kamar tulu. Abin da ya lura shi ne sanƙo gida yake bi. In ya ga kaka da shi, ya kan tarar da shi a jika, wani lokacin ta wajen uwa. Mata kuwa bai cika jin labarinsa a wurinsu ba.

Shekara bakwai bayan shigowar Turawa, wani tsoho ya fara zuwa masa daga Mandawari ranar Alhamis bayan azahar, in sumarsa ta taru. Sunansa Baba Nata'ala. Yana cikin bayin da aka yi wa dandaƙa tun suna ƙanana don su tsare cikin gidan manya. Da zamani ya juya, ya bar gidan ya kama ɗaki shi kaɗai. Dogo ne, muryarsa siririya, fuskarsa ba ko ƙwayar gemu, amma sumarsa fara fat, cike kamar audugar da ba a kaɗa ba.

Wata Alhamis garin ya yi luf, hadari ya taru bai zubo ba, kurciyoyi na kuka a kan durumin. Isyaku ya jiƙa kan tsohon da sabulu, yatsunsa suka nutse cikin gashi. Sai ya shiga tuna irinsu da ya taɓa yi wa aski. Mutum huɗu ne, kuma cikinsu ba mai sanƙo ko ɗaya.

"Baba," ya ce, "a gidanku haka suma take?"

Tsohon ya lumshe ido.

"A'a, Malam Isyaku. Babana masunci ne, can gabas, bakin wani babban kogi. Fuskarsa ta ɓace mini, sunan garin ma ya ɓace. Kansa nake tunawa. In ya tsaya a kwalekwale da hantsi, rana ta kan zauna masa a ka, har sai na kare idona. Ƙannensa biyu ma haka, da kakana. In sun jeru a bakin ruwa suna gyaran koma, kamar an kife ƙore."

Ya ɗan yi murmushi.

"Da na kai arba'in, kullum sai na shafa tsakar kaina in ji ko ya fara. Na ɗauka ko wannan zai zo mini daga gida. Bai zo ba."

Isyaku ya tsaya da aska a hannu. Ya dubi haɓar tsohon mai santsi, ya dubi sumar, ya shafa nasa gemun da nasa goshin da ya daɗe da janyewa. Ya ga kamar abin da ke fito da gemu ya buɗe murya shi ne ke kwashe suma, in dai akwai irin a jinin gida. Wanda aka raba da wannan tun yana yaro, irin na nan kwance a jikinsa, babu mai tashe shi. Bai san sunan abin ba.

"Yau ka bi shi sau biyu," in ji tsohon. "Kada ka bar komai."

Isyaku ya bi a hankali, ya sake jiƙawa ya sake bi, sannan ya lakato man shanu ya murza har fatar ta ɗauki haske. Ya zuba sabon ruwa a ƙwarya ya ajiye a gabansa, ya jira ruwan ya kwanta.

Baba Nata'ala ya sunkuya yana kallo. Ya juya kai dama, ya juya hagu. Leɓunansa suka motsa da wasu kalmomi da ba Hausa ba, ya maimaita su sau biyu kamar mai gwada ɗanɗanonsu.

Yayyafi ya fara ɗiga ta tsakanin ganye. Tsohon ya miƙe, ya ninke hularsa ya sa a aljihu, ya yi godiya, ya kama hanyar Mandawari a hankali, ruwa na sauka masa a ka.