Tambayoyi Uku a Bakin Rijiya

Yayana mai haƙar rijiya ne, sana'ar da ya gada wurin mahaifinmu. Da can mutum ne mai barkwanci. In ya zo shagona na ɗinki sai ya zauna kan buhun ƙyallaye yana tsokanata, wai na fi keken surutu. Shekara biyu da suka wuce ƙasa ta rufta musu a cikin rijiya, shi da abokin aikinsa da ake kira Guntu. Yini da kwana aka yi ana tono. An zaro Guntu babu rai, Yaya kuwa da sauran numfashi, kansa a fashe, bakinsa cike da jar ƙasa.

Da aka sallamo shi daga asibiti sai ya daina dariya. Ya ce mana a can ƙasa an zaunar da shi an yi masa tambayoyin kabari ya amsa daidai, Guntu kuwa ya yi in'ina, shi Yaya yana jin ana dukan Guntu har ƙasusuwansa na ƙara. Wai an dawo da shi ne don ya riƙa gwada mutane tun kafin su isa can. Umma ta yi kuka har ta gaji. Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta koma gidansu ranar da ya tsare ta a kicin da diga a hannu yana tambayarta wane ne Ubangijinta. Limamin masallacin layinmu, dattijo mai ciwon gwiwa, ya zaunar da shi ya gaya masa ba a ɗora wa ɗan Adam wannan aiki ba, ya ce masa ya koma wurin likita. Yaya ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya tashi. Ni kaina na ɗauka abin zai wuce, tunda yana aikinsa, yana sallarsa, ba ya zagin kowa.

Sai mai facin bakin titi ya ɓace, ya bar taya a cikin ruwa da injin iska a kunne. Bayan wata guda maigadin wani gini da aka dakatar a bayan gari shi ma aka neme shi aka rasa. 'Yan sanda suka zo, suka yi rubuce-rubuce, suka tafi.

Wata Laraba da hantsi Umma ta ba ni abinci in kai wa Yaya, don kwana biyu bai leƙo gida ba. A bayan wannan ginin yake haƙa. Na ratsa ɗakuna marasa rufi, bulo da busasshen siminti ko'ina, tun kafin in fito fili wani wari ya bugi hancina. Na tarar da shi durƙushe a bakin rijiya. Igiya ta sauka daga ƙarfen nan mai ƙafa uku da suke kafawa a kan rami, a miƙe take tsaf kamar an rataya mata buhu. Na leƙa. Liman ne, an ɗaure shi ta hammata, yana lilo a tsakiyar rijiyar, jini na bin gemunsa yana ɗiga kan farar rigarsa. Daga baya na ji cewa Yaya ne ya je ya roƙe shi ya zo ya yi wa sabon aiki addu'a.

Yaya ya ɗaga min hannu in yi shiru. Ya sunkuya ya yi tambayoyinsa uku, ɗaya bayan ɗaya, da wata murya da ban san shi da ita ba. Liman ya amsa kowacce tar, ko rawa muryarsa ba ta yi ba. Sai na ga hawaye a fuskar Yaya. Ya zaro wuƙa daga ƙugunsa.

Na ce, "Yaya, ai ya amsa. Jawo shi."

Ya ce, "Shi ya sa. Mai faci ya yi in'ina, to me zai zauna yi a duniya? Maigadi ya amsa, na tura shi da tsarkinsa kafin ya ɓata. Malam ma a shirye yake, in na bar shi gobe Shaiɗan ya same shi."

Ya ɗora wuƙar kan igiya. Na yar da kwanon na cafki igiyar ta ƙasan hannunsa. Da ta tsinke, nauyin dattijon ya fizge ni har bakin ramin, igiyar ta bi tafin hannuna tana cin fata, ina jin ƙaurinta. Na riƙe iya ƙarfina. Yaya ya ce in saki, na ƙi. Ya ɗauko ƙotar diga ya sauke min a damtse. Na ji ƙashin ya karye kafin in ji zafin. Igiyar ta suɓuce, na ji faɗuwar Liman a ƙasa, ƙara ɗaya, sai nishi.

Yaya ya juyo kaina. Ya danne min ƙirji da gwiwa, ya share min ƙasa daga goshi a hankali, ya kira ni ƙanwata, ya ce kada in ji tsoro, na san amsar tun ina ƙarama. Ya yi tambayar farko. Hannuna mai lafiya yana lalube a ƙasa har ya faɗa kan guntun bulo. Na kwaɗa masa a gefen fuska. Ya karkace, na ƙara masa, na ƙara, har idonsa na hagu ya fashe, Yaya ya zube gefe yana shure-shure. Na ja jiki zuwa titi na tsayar da wata motar yashi.

An fito da Liman da rai, amma bayansa ya karye, kwana uku ya yi a asibiti ya cika. A ƙarƙashin inda ya faɗa aka tono mai faci da maigadi. Likitan da ya duba gawar mai faci ya ce akwai ƙasa a huhunsa. Kotu ta tura Yaya asibitin masu taɓin hankali. Umma ta yi wata huɗu ba ta amsa gaisuwata, ta ce ko me ya yi, ba ni ce zan cire masa ido ba.

Ina zuwa duba shi duk ƙarshen wata. A zuwana na bakwai likita ya ce maganin ya fara aiki. Na same shi zaune a bakin gado, ya rame, ya dube ni da idonsa ɗaya, ya tambayi abin da ya sami hannuna. Na gaya masa. Sai ya ce, "Malam fa? Yana nan yana jan salla?"

Na gaya masa wannan ma, da na sauran biyun. Ya miƙe a natse ya je ya fara buga goshinsa da bango. Ma'aikata uku ne suka iya riƙe shi. Wata nas ta kama ni ta fitar da ni, ta ce in ba shi wata biyu kafin in dawo.