Furen da Ya Juya wa Tela Baya

Ina bisa katanga, ƙafa ɗaya a gidana ɗaya a gidan Tela, ina ƙoƙarin zarga wa furen igiya, sai na ji muryarsa ta taga.

"Ƙarfe, in ka karya masa wuya, sai na taso na karya naka."

"Taso mana," na ce. "Ai abin da muke nema ke nan."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Auta, 'yarsa da ta dawo gida jinyarsa, ta leƙo da kofi a hannu. "Baba Ƙarfe, don Allah ka sauko, kada majinyata su zama biyu."

Ni za a ce wa in sauko. Ban taɓa zama a aji ba, amma na yi dako a tashar mota har gashina ya yi fari. Babbar mota ta taɓa kifewa da ni, na fito da ƙafata ina kaɗe riga. Maciji ya sare ni, shi ya mutu. Duk da haka na sauko, don furen ya ƙi juyuwa.

Tun muna da baƙin gashi guntuwar katangar nan ce tsakanina da Tela. Kowace shekara yakan shuka furen nan mai faɗin kai da ke bin rana, a filin da ke tsakanin tagarsa da katangar. Da yatsa yake huda ƙasa, iyakar gaɓa ɗaya, ya jefa ƙwaya, kuma ba ya yarda a dasa, wai saiwarsa ba ta son a taɓa ta. Sai su taso har su fi ni tsawo, wani ruwan ƙwai, wani ruwan lemo, wani ja mai duhu kamar garwashi. Suna ƙanana suna bin rana, amma da sun buɗe sai su tsaya cak suna kallon gabas. Gabas kuwa gidana ne. Tagar Tela ƙeyarsu kawai take gani.

"Ni ke ban ruwa, kai ke kallon fuska," haka yakan ce kullum da safe, tef ɗin awo a wuyansa.

"Sun san mai kyau ne," in ce masa. Matarsa ta yi ta dariya daga bakin murhu.

Ita ta samo irin jan tun tana raye. Bayan rasuwarta jan ya yi ta raguwa, bana guda ɗaya tak ya fito. Ya buɗe a makon da ƙafafun Tela suka daina ɗaukarsa. Da, yakan zagayo ya jingina da katanga ya kalla. Yanzu yana kwance, sai koren bayan kan yake hangowa.

"Baba, bari in yanko maka shi in sa a kwalba," in ji Auta.

"Ki yanke ki kashe irin uwarki? 'Ya'yan ba su nuna ba. Gara in tafi ban gan shi ba."

"In goya ka," na ce. "Na goyi abin da ya ninka ka."

"Likita ya ce kada a motsa shi," Auta ta ce.

"Kuma ni ba buhu ba ne," in ji Tela.

Na tsaya ina sosa kai. Masu ilimi da sun zauna lissafi, ni ɗakin ɗinkinsa na nufa. Keken yana lulluɓe da tsohon yadi, almakashi a rataye a ƙusa, guntayen zare a ƙasa ba wanda ya share. Dogon madubin da masu kawo ɗinki ke juyi a gabansa yana jingine a kusurwa, gefensa ɗaya a ɓantare. Ni kaɗai na sungumo shi. Auta ta zo kamawa na ce ta matsa.

Na jingina shi da katanga yana fuskantar furen, na tokare da bulo.

"Me kake gani?" na tambayi Tela ta taga.

"Sanƙonka."

"To ka ga abin gani."

"Karkata hagu. Ba hagunka ba, nawa. Ɗaga kaɗan. Yanzu tulun ban ruwa nake gani."

Na cusa ɓallin katako a ƙarƙashi. Na jira zagi, bai zo ba.

"Tsaya nan," ya ce a hankali.

Auta ta ƙara masa matashi. Rana tana bayan madubin, ta haske fuskar furen, jan ya yi kamar zai kama da wuta, ga ƙudan zuma yana yawo a tsakiya. Tela ya daɗe yana kallo.

"Ashe abin da kake morewa ke nan duk shekarun nan, ɓarawo."

"Kyauta ma kuwa."

"Ranar da uwar Auta ta kawo irin a bakin zani ta ƙulle shi," ya ce. "Na ce mata ciyawa ce."

Daga nan ya sa Auta ta ɗauko wata 'yar jaka a aljihun keken, wadda ya ɗinka da yadin gidan sauro. "In ganyen furen ya zube ka rufe kan da wannan, saboda tsuntsaye. Kada ka yanke sai bayansa ya koma ruwan ƙasa. Ka ji, ko sai na maimaita wa katanga?"

"Ni za ka koya wa shuka?"

"Kai da ko barkono bai taɓa yi maka ba."

Kowace safiya na riƙa goge madubin da hannun rigata, shi kuma ya ce na karkatar. Wata safiya na goge, na jira, ba wanda ya ce komai. Auta ce ta fito, ta tsaya a bakin ƙofa da kofin a hannunta, a cike.

Duk abokan dakona na riga na raka su makabarta, yanzu ga Tela. Ni dai ina nan daram.

Ganyen ya zube na ɗaura jakar kamar yadda ya ce, ko tsuntsu ɗaya bai samu ƙwaya ba. Auta ta ce in mayar da madubin ciki, na ce sai an girbe. Jiya da na shiga ban ruwa na duba cikin madubin. Furen ya sunkuyar da kai cikin farar jakarsa, a bayansa kuma taga a buɗe, an gyara gadon.