Gram Biyar, Safe da Yamma

"Kada ki bari ruwan ya tafasa, 'yata," ya ce daga kan gado. "Zafi in ya yi yawa kashe ƙarfin ganyen yake yi."

Na sauke tukunyar. Kwana na huɗu ke nan ina jiƙa masa ganyen safe da yamma, na bar keken ɗinkina da rigar mutane a ƙarƙashin allura. Shekara tara ƙofarsa na kallon tawa a hawa na biyu. Malamin kimiyya ne mai ritaya. Baba Sinadari muke ce masa, don ko gishiri ka je roƙo sai ya gaya maka sunansa na boko kafin ya ba ka.

Shi ya shuka ganyen a tsofaffin bokitan fenti guda shida a baranda. Wani ɗalibinsa da ya yi karatu a ƙasar Sin ne ya kawo masa irin a ambulan. Labarin kuwa na ji shi har na haddace: masu maganin gargajiyar can sun daɗe suna ba mai zazzaɓi wannan ganye, daga baya masana suka ciro sinadarin da ke cikinsa, artemisinin, aka yi maganin zazzaɓin cizon sauro da shi.

Ƙwayar maganin tana kan taga. Ni na sayo ta tun ranar da gwajin jini ya nuna cutar ce. Ko kwalin bai ɓare ba.

"Baba, ga ƙwayar nan fa tana kallonka."

"Ƙwayar ai 'yar ganyen ce. Wa zai bar uwa ya bi 'ya?"

"Wanda yake son ya tashi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya jawo ɗan ma'auninsa, ya auna gram biyar na busasshen ganye, ya rubuta a littafi. Shekara uku yana jiran zazzaɓin nan. Ya ce ba zai gwada a jikin ɗan wani ba.

Ni ma da laifina. A rana ta uku zazzaɓin ya sauka, ya fito baranda yana tsinke busassun ganye, ya ce, "To, telar gida, kin gani?" Na kuwa gani, na yarda. Da 'yarsa ta bugo daga garin da take aiki ta ce, "Anti, yana shan magani?" sai na ce, "Yana sha." Ban yi ƙarya ba, gaskiyar ce dai na rage mata tsawo.

Safiyar kwana na biyar na shiga da kofi, ya kira ni da sunan matarsa da ta rasu. Idanunsa sun yi rawaya. Maigidana da mai askin ƙasan bene suka sauko da shi a kan kujerar roba, ƙafarsa ɗaya tana bugun matakala. Na bi su da littafin a hannu, ban san me ya sa na ɗauko shi ba.

A asibiti na miƙa wa likita littafin, ta buɗe shafi biyu tana tsaye.

"Sinadarin yana cikin ganyen," ta ce, "amma kaɗan ne, kuma ba a san yawansa daga ganye zuwa ganye ba. Yakan kwantar da zazzaɓin ya bar cutar tana aikinta. Wa yake haɗa masa?"

"Ni ce."

Ta mayar mini da littafin. Allurar da suka yi masa ma daga sinadarin nan aka samo ta. Da yana ji, da ya yi mana lacca. Washegari da rana tsaka ya cika.

Ban yi kuka ba. Na jira kukan, bai zo ba. Na koma gida na ƙarasa kalmasa rigar nan, mai ita ta zo ta ce hannun ya ɗan matse, na farke na sake.

'Yarsa ta iso bayan an kai shi. Muna kwashe kayan ɗakin ta ɗauki kwalin daga kan taga, ta juya shi, ta duba liƙin bakinsa.

"Anti, ba kin ce yana sha ba?"

 Na miƙa mata littafin. Ta bi shafukan da yatsa har na ƙarshe, inda rubutun ya karkace, ta karanta a fili:

"Kwana na huɗu, yamma. Zazzaɓi ya dawo. Gwajin ganyen bai yi ba. Gobe da safe in ce wa 'yata telar gida ta miƙo mini ƙwayar."

Ta rufe shi a hankali. Ta sa ma'aunin a jakarta, kwalin kuma ta mayar inda ta same shi.

Bokitan ba wanda ya ce yana so. Da yamma na ga ganyen ya fara langaɓewa, na ɗebo ruwa a tukunyar nan na zuba wa duka shidan. Na tsaya ina jin ruwan yana ɗiga ta hujin da ya yi musu da ƙusa.