Maɓallin da Baba Ke Dannawa

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba, hannunsa na dama ya zama kamar ba nasa ba. Magana ma ta tafi. Likita ya ce in ba a motsa yatsun nan ba za su sandare ke nan, ya ba mu wata ƙwallon roba ya ce ya riƙa matsawa. Baba ya kalle ta, ya kalle ni, ya ture ta ƙarƙashin gado. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana juya sitiyarin babbar mota ne za a miƙa wa ƙwallon yara?

Abu ɗaya ne hannun nan yake yi. A damarsa akwai tsohuwar rakoda mai manyan maɓallai masu tauri, da kaset ɗaya a ciki. Muryar Mama ce. Ta ɗauka ne shekarun baya don ya riƙa ji a hanya, tana ba shi labarin gida, tana yi masa faɗa a kan gudu. Tun rasuwarta, kullum da yamma sai ya saurare ta. Yakan ɗago matacciyar damar da hagu ya ɗora a kan maɓallin, ya yi ta fama har ya shiga. Ba ya yarda kowa ya danna masa.

Maigidana mai gyaran rediyo da talabijin ne. 'Yan unguwa suna ce masa Injiniya, kuma sunan ya shiga kansa. Mutumin kirki ne wallahi, amma a wurinsa duk abin da ya tsufa sai a farke shi a ciri kayan gyara. Haka ya yi wa fankata.

"Kin lura maɓallin nan kaɗai Baba yake dannawa?" in ji shi. "Da zai wuni yana danna shi, da hannun ya tashi."

Na ce, "Ka fita harkar rakodar nan, ka ji ko?"

Ya ce ya ji. Ina! Ranar da na kai Baba asibiti, muna dawowa muka tarar da rakodar a inda take, amma waya ta fito daga bayanta zuwa wata tsohuwar kwamfuta a kan tebur. Ya kwashe kayan cikinta kaf, ya yi wa kowane maɓalli haɗi. Na kunnawa ya zama totur, na mayarwa baya hagu, na turawa gaba dama, na tsayarwa birki. A allon kwamfutar kuma ga wasan tuƙin babbar mota.

Na ja shi tsakar gida. "Kaset ɗin fa?"

"Yana shago, na adana shi. Gobe zan juye muryar a waya, ke dai ki zuba ido."

Da yamma Baba ya ɗora hannu ya danna. Motar da ke allon ta zabura. Ya karkata kunne yana jira. Ya sake dannawa. Can sai na ga yatsansa na tsakiya, wanda bai motsa ba tun ranar da ya faɗi, yana rawa yana laluben maɓallin gefe.

"Kin gani?" maigidana ya raɗa mini, har da murmushinsa. "Yatsu biyu."

Na ce, "Ba tuƙi yake yi ba. Matarsa yake nema. Tashi mu je shagon."

Kaset ɗin yana cikin gwangwanin da ya tara kusoshin rakodar. Haka yake yi da kowane aiki, komai na abu ɗaya a gwangwani ɗaya, a gindin kuma ya maƙala maganaɗisun tsohuwar lasifika don kada ƙananan kusoshi su zube. Yana ɗaga kaset ɗin na ga fuskarsa ta canza, don ya fi ni sanin cewa maganaɗisu yana goge abin da aka ɗauka a kaset. Ya sa shi a wata rakodar. Shuuu kawai muke ji, sai wata murya can nesa kamar daga ƙasan rijiya, ta zo ta ɓace. Ya zauna daɓas a ƙasa cikin tarkacen wayoyi. Ni da bakina ba ya mutuwa, ko zaginsa na kasa yi. Kuka na yi.

Na gaya wa Baba gaskiya. Ya daɗe yana kallona, ban sani ba ko ya gane ko ƙin ganewa ya yi. Da na kai hannu zan ɗauke rakodar, sai ya danne ta yana wani gurnani mai tayar da hankali, dole na bar masa. Yanzu tun safe yake dannawa, wannan maɓalli ya koma wancan, motar ta yi ta dukan bango, shi kuwa ko kallon allon ba ya yi. Kunne yake kasawa. Maigidana ya daina shiga ɗakin.

Da muka koma asibiti, likita ya miƙa wa Baba yatsa, Baba ya damƙe shi gam da hannun dama. Likita ya yi dariya ya ce, "Madalla. Duk abin da kuke yi masa, kada ku fasa."

Muka dawo gida na zaunar da shi a bakin gado, na matso masa da rakodar, na kunna kwamfutar da hannuna.