Kakin Baba a Gaban Kotu

Eunice ce ta ari kakin, kuma ita ce ta kasa faɗin abin da za a yi da shi.

A watan Mayun da sojoji ke shirin miƙa mulki, Malam Zakariyya'u, malamin tarihi, ya mai da ajinsu kotu. A zangon baya Baturen mulkin mallaka suka gurfanar, aka sha dariya. Wannan karon ya ce Soja za a tuhuma, ba wane ko wane ba, Soja kawai, da duk shekarun da ya yi a kan kujera. Eunice mai kaifin baki aka ba matsayin lauya mai gabatar da ƙara. Jamilu ɗan Tudun Wada, siriri kamar sillen kara, shi ne Soja. Saura kaki, kuma duk ajin ita kaɗai ce 'yar tsohon soja.

"Wasan makaranta ne, Baba," ta ce, idonta a ƙasa.

Baba Sylvanus, sajan mai ritaya da ke gadi a wata masaƙa a Kakuri, bai tambayi komai ba. Ya ciro kakin daga ƙasan akwati, ya sa masa sitati, ya hura gawayi a dutsen guga, ya yi ta goge shi a tsakar gidansu na Narayi yana fito. Rabon da ta ji fitonsa tun kafin rasuwar mamanta. Da wane baki za ta ce masa wannan rigar da yake lallaɓawa kamar jaririya, ita ce za ta tsaya ta tona wa asiri a bainar jama'a?

Ranar shari'a tana ɗago kai ta gan shi a bakin ƙofar aji, cikin rigarsa ta zuwa coci. Ya zo kallon 'yarsa. Malam ya ba shi kujera a gaba.

Aka shigo da Jamilu, kaki ya haɗiye shi, hula a karkace.

"Oga Soja, riƙe tebur kar iska ta ɗauke ka!" in ji wani daga baya.

"Kai, tsallen kwaɗo! Dukanku!" Jamilu ya daka tsawa da 'yar muryarsa.

Sumayya, wadda ita ce alƙali, ta buga dasta a tebur har ƙurar alli ta tashi. Eunice ta miƙe.

"Ya mai shari'a, muna tuhumar..."

Muryar ta ƙi fita. Duk abin da ta haddace yana nan a kanta, amma ga Baba zaune, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon kakinsa a tsaye a wurin masu laifi.

Sai ya tashi. Ta runtse ido, ta sakankance fita zai yi, kuma ba zai sake yin fito a gidan nan ba.

Wurin Jamilu ya nufa.

"Yaro, tsaya da kyau."

Ya cire masa hular a hankali, ya kwance bel ɗin. Wando ya sulale, Jamilu ya cafke shi da hannu biyu, aji ya tuntsire.

"Malam, a yi haƙuri," in ji Baba. "A bariki, sojan da ake tuhuma ba ya tsayawa da hula da bel. Riƙe masa ake yi har a gama." Ya koma ya zauna, ya ɗora su a cinyarsa, ya dubi 'yarsa. "To, lauya, mutuminki ya shirya. Muna jin ki."

Ta yi magana. Ta faɗi zaɓen da aka soke, da bakin da aka rufe wa jama'a, da dattijon da ta ga sojoji na zabga wa koboko a layin sayen mai. A nan Baba ya sunkuyar da kai, ita ma hawaye suka zubo mata, amma ba ta tsaya ba. Ta rufe da abin da ba ta shirya ba.

"Ya mai shari'a, ba cewa na yi a ƙona kakin nan ba. A mayar da shi wurin da aka ɗinka shi dominsa."

Sumayya ta yanke hukunci: Soja ya koma bariki, kar ya sake fitowa sai an kira shi.

A hanyar gida hadari ya haɗo, iska na kawo ƙamshin ruwa.

"Baba, ka yi fushi?"

"Tun da kika ce wasa kina kallon ƙasa na gane. Mamanki ma haka take yi." Ya gyara riƙon ledar da ke hannunsa. "Irin abin layin man nan, na taɓa gani da idona, ina sanye da kakin. Ban ce komai ba. Yau ke kin ce."

Ya ciro hular daga leda, ya kaɗe ta.

"An gama shari'a, sai a mayar da hula."

Ya kifa mata a ka, ta zamo ta rufe mata ido. Ba ta ganin hanya, sai ta kama hannun rigarsa, ta ji ya soma fito.