Kiret ko Ɗai-ɗai

Ƙwai ne ya ruɓe a siton Baba, ba kiret goma ko ashirin ba, mota-mota. Mutane sun ce kwamfuta ce ta jawo. Ba ita ba ce, Yaya ne da bakinsa.

Baba dillalin ƙwai ne. Yana saye daga gonakin kaji, ya tara a babban sito, ya raba wa shagunansa na cikin gari. Tun Yaya, babban ɗansa, bai fara gemu ba makullin siton nan yake aljihunsa. Shi ke karɓar mota, shi ke ɗaga ƙwai a hasken ƙofa ya gane mai tsaga, shi ke faɗa da direbobi. Da rana kuma shi da Baba ke sa hannu a kwano ɗaya, kan benci a bakin sito.

Sai Auta, ƙaninsa, ya dawo daga karatu da tabarau a hanci da kwamfuta a jaka. Ya tarar kowane shago da yadda kwamfutarsa ke ajiye lissafi, ta sito ma da nata salon. Ya ce zai sa wata manhaja a tsakani, ta riƙa kwaso bayanan kowa tana zubawa a rumbu ɗaya. Idan rumbun ya ga ƙwai ya yi ƙasa a sito, da kansa zai tura wa gonaki oda. Aikin Auta shi ne ya nuna wa manhajar inda kowane abu zai faɗa. A allon kwamfutarsa, gurabun tsohon lissafi na hagu, na sabon rumbu na dama, shi kuma yana jan layi daga wannan zuwa wancan: sunan gona nan, ranar isowa nan, farashi nan.

Baba, wanda lambar waya ma sai an ajiye masa, ya jawo kujera ya zauna kallon layukan nan kamar mai kallon ƙwallo. Kwanon abinci ya koma ofis, ƙarƙashin fanka. Yaya na benci shi kaɗai, yana jiyo dariyarsu ta taga.

"Ka ga ɗan nan?" in ji Baba ga kowane baƙo. "Yana zaune a nan yana ganin cikin kowane shago."

Yaya kuwa da ya yi shekaru yana ganin cikin shagunan da ƙafarsa, ba a taɓa nuna shi ga baƙo ba sai in ana neman mai sauke kaya.

Matarsa ma ba ta raga masa ba. "Maigida, yau ma kai da ƙudaje kuka ci?"

"Zuba min ruwa, ki bar ni."

Wata safiya Auta ya shigo sito da kwamfutarsa, yana taka-tsantsan kada takalminsa ya taka fasasshen ƙwai.

"Yaya, ina kwana. Layi ɗaya ya rage min. Shaguna ɗai-ɗai suke ƙirga ƙwai. Wannan adadin naka na sito fa, kiret ne ko ɗai-ɗai?"

"Au, akwai abin da injinka bai sani ba?"

"Haba Yaya. Injin ai abin da aka faɗa masa yake ɗauka. Kai ne ka san wurin nan."

Yaya ya dube shi. Ya dubi hannun da bai taɓa ɗaukar kiret ba, ya dubi alƙalamin Baba a aljihun rigarsa. Kowane ɗan dako ya san sito da kiret yake ƙirga, ƙwai talatin a kowane.

"Ɗai-ɗai ne," in ji shi.

Auta ya ja layin, ya yi godiya, ya fita. Bai gwada ba. Wa zai gwada maganar yayansa?

Abin da Yaya ke so ɗan kaɗan ne: injin ya yi shirme a gaban Baba, a yi dariya, kwano ya dawo benci. Amma rumbu ya duba sito da yake cike har rufi, ya ga ƙwai ɗari tara kacal a maimakon kiret ɗari tara. Ya tura wa gonaki oda gaba ɗaya. Motoci suka iso. Yaya ya karɓa, ya shigar da kiret a kwamfutarsa kamar kullum, rumbu ya sake karanta su ɗai-ɗai, ya ga har yanzu babu ƙwai, ya sake oda.

A lokacin kuwa Baba da Auta sun tafi duba sabon shago a wani gari. Waya ɗaya ta isa ta tsayar da komai. Yaya ya ciro wayar, ya tuna fanka da dariya, ya mayar da ita aljihu. Gara Baba ya dawo ya gani da idonsa.

"Oga, ina za mu sa wannan?" in ji wani direba. "Ko a kanka za mu jera?"

"Jera a tsakar fili. Injin ne ya yi oda, ba ni ba."

Rana ta buɗe a kan filin. Gonaki suka ce ƙwan da ya bar gona ba ya komawa. Shaguna suka cika, aka karya farashi, masu gasa burodi suka kwashi abin da za su iya. Sauran ya fara fashewa da kansa, tus, tus. Kafin Baba ya dawo, maƙwabta sun fara toshe hanci tun daga kwanar layin.

Baba ya tsaya a tsakiyar fili, bakin rigarsa a hanci. Auta ya buɗe kwamfuta, ya bi layukansa, ya tsaya a kan ɗaya. Ya ɗago ya kalli Yaya. Yaya ya shirya yin musu, har ya tara yawu.

"Laifina ne, Baba," in ji Auta. "Na ja layi ban gwada ba."

Baba ya dafa kafaɗarsa. "Namiji ke nan. Ka yi ɓarna, ka tsaya a kanta." Ya juyo ga Yaya. "Kai kuma kana tsaye motoci na zuba, ko waya? Nemo shebur."

Ko a ɓarnar ma Auta ne ya sami dafa kafaɗa. Wannan ya fi warin ƙwan ci wa Yaya rai.

Asarar ta yi girma, sai da Baba ya sayar da siton ya cike ramin. Auta ya gyara layukansa, yanzu ƙwai daga gona kai-tsaye yake zuwa shaguna, ba ya kwana a ko'ina. Aka ba Yaya ƙaramin shago kusa da tasha, yana sayarwa ɗai-ɗai a leda. Auta na gaishe shi da ladabi duk inda suka haɗu, har da rusunawa, amma bai ƙara tambayarsa komai ba, ko da ƙarfe nawa ne. Makullin siton kuwa, Yaya da hannunsa ya miƙa wa mai sayar da simintin da ya sayi wurin.