Hidimar Yaya, Hutun Auta

Tun Baba yana da rai gidan nan yake da ƙa'ida ɗaya. Ranar farko ta sabuwar shekara, in an taso daga coci, kowa zai zaɓi kalma guda da za ta bi da shi har shekara ta ƙare. Amma Baba bai yarda da kalmar fatar baki ba. Ba a rubuta ta a kati a manna a bango sai mai ita ya fara aikata ta a ranar, kafin faɗuwar rana.

Bana Auta ko cocin ba ta leƙa ba. Wa za ta bar wa Mama? Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Mama ya shanye, kuma shekara biyun nan Auta ce mai juya ta, mai ba ta abinci a baki, mai wanke zanen gado. Keken ɗinkin Auta ya koma wurin jera magunguna. Yaya kuwa, wanta, dattijo ne a coci, mutum mai murya, in yana addu'a har maƙwabta sai sun ce amin. Sau ɗaya yake zuwa a wata, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran mota, ya ce, "Mama, Ubangiji ya ba da sauƙi," ya kama gabansa.

Yau ya iso da rana cikin farar riga da ta sha guga, ya harɗe a kujerar Baba, ya buɗe Littafi Mai Tsarki.

"Auta, azumin kwana uku na yi a kan kalmar bana. Ubangiji ya ba ni hidima."

Ya karanta wurin da Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Ya yi bayani, ya bi bayanin da wani bayani. Da ya gama ya dube ta da tausayi irin na manya.

"Ke kuma ina ga haƙuri ne zai dace da ke. Kwanan nan kullum fuskarki a murtuke."

Haƙuri! Ran Auta ya ɓaci har kunnuwanta suka ɗauki zafi. Bara ma shi ya zaɓa mata juriya, ta karɓa hannu biyu kamar wawuya. Ta san in ta yi shiru yau, an sake jibga mata wata shekarar ita kaɗai.

Yaya ya miƙa hannu zai ɗauki kati da biro. Ta riga shi.

"Tsaya tukuna, Yaya. Ka manta ƙa'idar Baba?"

Ta shiga ciki ta fito da baho cike da ruwan ɗumi, da tawul da sabulu, ta dire su a gaban takalmansa masu sheƙi.

"Lokacin wankan Mama ya yi. Ga hidima nan."

"Haba Auta! Ni fa namiji ne."

"Nas ɗin da ya wanke ta a asibiti ma namiji ne, kuma ba ita ta haife shi ba. Ka fara da ƙafafun, tunda su ka karanta."

"Muna da taron dattawa ƙarfe huɗu."

"Su yi babu kai. In ba haka ba ka ajiye kalmar, ka ɗauki wadda ka iya. Leƙe, misali."

Yaya ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi. "Ni kike gaya wa haka? To ke mece ce taki kalmar, da wannan bakin naki?"

"Hutu. Allah da kansa ya huta a rana ta bakwai. Ni kwana ɗari bakwai da ɗoriya ban huta ba, kuma yau zan fara."

Ta shige ɗakinta ta murza makulli. Ta zauna a bakin gado, ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Ta daɗe tana jiran ƙarar ƙofar waje. Maimakon haka sai ta ji ana jan baho a ƙasa, ruwa na fallatsa, mutum na nishi.

Can sai muryar Mama ta taso, a karkace, cike da tsoro.

"Auta! Auta! Ga wani mutum a ɗakina!"

Kafin ta sani har ta kai ƙofa, hannunta a kan makulli. Duk jikinta so yake ta fita. Amma in ta buɗe, shi ke nan, Yaya zai miƙa mata tawul ya tafi taronsa. Ta tsaya a nan tana hawaye, tana jin haushin Yaya, tana jin haushin kanta.

Aka ƙwanƙwasa a hankali. Muryar da ta biyo baya ba ta wa'azi ba ce.

"Auta, ba ta gane ni ba."

"Ka gaya mata ko kai wane ne."

"Na gaya mata. Ta ce ƙarya nake, wai ɗanta ba ya zuwa."

Auta ta jingina goshinta da ƙofa, ba ta murza makullin ba.

"To ka dawo gobe, Yaya, ka dawo jibi. Koma, ruwan yana hucewa."